Ƙarfe da Icce: Tarihin Bindiga a Ƙasarmu



Kakanninmu na Gobir ta Tsibiri da Katsina ta Maraɗi sun yi yaƙe-yaƙensu da doki da mashi da kwari da baka. Bindiga ta shigo daga baya, kuma ba kowa ke da ita ba. A Damagaram ne Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara ta da yawa, har ya sa maƙera suna ƙera igwa a Zinder.

To, me ya sa irin waccan bindiga ta ɗuri take yawan kuskure? Na farko, cikin bututunta sumul yake, harsashi ba ya juyawa idan ya fita. Na biyu, zaman bututun a kan icce. Idan an harba, ƙarfen yana kaɗawa. In iccen ya riƙe shi daidai, kowane harbi zai kaɗa iri ɗaya, harsashi ya sauka wuri ɗaya. Amma icce yana kumbura da damina, ya matse ƙarfe. Da rani ya bushe, ɗaurin fata ko na waya ya saki. Ke nan saitin da maharbi ya saba da shi cikin watan sanyi ba shi zai samu ba cikin watan shuka.

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa wannan yanki tana ƙona garuruwa, kamar Koran Kalgo. Ranar 14 ga Yuli, sojojin Voulet suka harbe Kanar Klobb a Dankori. Bindigoginsu na masana'anta ne: bututu mai zane a ciki, an zaunar da shi cikin icce busasshe da zobban ƙarfe, ana ɗura shi ta baya. Suna samun mutum tun kibiyarsa ba ta iso su ba. Ƙarshen watan aka ci Damagaram a Tirmini.

Saboda haka kada yaranmu su ɗauka tsoro ne ya ba da mu. Bambancin kayan aiki ne, da ilimin awo. Muna roƙon dattawan da ke da tsohuwar bindiga a ɗaki su adana ta, su faɗa wa ƴan lakwal wanda ya ƙera ta da wanda ya sassaƙa iccenta, mu rubuta tun masu sani suna raye.

Allah ya jiƙan magabata, amin.