Yankewar Mai Jefi-Jefi a Injin Kwale-Kwale: Nazarin Hanyar Gano Matsala a Madatsun Ruwan Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba matsalar injin kwale-kwale da ke tafiya lafiya, sai ya shaƙe ko ya mutu a tsakiyar ruwa, jim kaɗan kuma ya tashi kamar ba abin da ya same shi. Ta bi hanyar mai daga tanki zuwa kafireta, ta nuna cewa galibin abin da ke jawo wannan yana faruwa ne kafin mai ya iso kafireta, alhali can hannun makanikin cikin gari ya fi saurin kaiwa.

Gabatarwa

Wanda ke zaune a unguwar Dukawuya cikin birnin Kano ba ya ganin jirgin ruwa, amma jihar Kano na da ruwan da ake ratsawa da inji: madatsar Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa a Ƙaraye da aka kammala a 1992, da ta Watari a Bagwai. A Watarin ne, ranar 30 ga Nuwamba 2021, kwale-kwalen da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da za su taron Mauludi. Rahotanni sun ɗora alhakin a kan lodi fiye da kima. An kawo zancen ne domin lodi da lafiyar inji ba sa rabuwa. Injin da ake ratayawa a bayan jirgi shi ne matuƙinsa, da turin farfela ake juya kan jirgin. Da zarar ya mutu, jirgi mai nauyi sai ya ba igiyar ruwa gefe, fasinjoji su firgita su karkata wuri guda.

Nazarin ya taƙaita ga injin fetur da ake gauraya wa baƙin mai a cikin tanki, irin su Yamaha Enduro, waɗanda suka yawaita daga Yawuri har Tafkin Cadi. Hujjojinsa daga tsarin aikin injin aka ciro su.

Inda makanikin gari ke tuntuɓe

Makanikin birni ya koyi aiki ne a kan babur da ƙaramin janareta. A cikin duka biyun tanki yana sama, mai na gangarowa da nauyin kansa. In tiyo ya huje mai zai ɗiga, a gani, a ji wari. Saboda haka idan mai bai isa ba, kuma ba a ga yoyo ba, hankali sai ya koma kan kafireta. A kan babur wannan tunani daidai ne.

Injin kwale-kwale kuwa tankinsa, mai ɗaukar kimanin lita 24, a ƙasan jirgi yake, injin yana sama da shi. Zuƙo man ake yi. Akwai ɗan famfo a jikin injin mai fallen roba a ciki, wanda hawa da saukar fiston ke sa ya riƙa bugawa. Duk hanyar da ke tsakanin tanki da wannan famfo tana ƙarƙashin zuƙa ne, don haka huda a nan ba ta fitar da mai, iska take shigarwa, kamar mai shan lemo da tsinken roba da ya tsage. Tiyo zai kasance a bushe ƙayau, ido ba ya ganin laifinsa. A ganin wannan nazari, rashin lura da wannan bambanci shi ya sa ake wanke kafireta sau da dama, a canza filogi, matsalar na nan daram.

Tuntuɓe na biyu shi ne gwaji a cikin ganga. Inji mai ƙarfin doki 40 yakan sha lita 15 zuwa 20 a awa idan an buɗe masa totur da lodi, a silo kuwa ɗan kaɗan yake sha. Hanyar da ta toshe rabi tana iya ciyar da silo yini guda. Injin da ya yi ƙara mai daɗi a gareji bai tabbatar da komai ba sai an kai shi ruwa da kaya.

Bin hanyar mai daga tanki

A marfin tanki akwai ɗan dunƙulen ƙarfe da ake warwarewa don iska ta maye gurbin man da ya fita. Idan an manta shi a ɗaure, ko ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙo ta liƙe ƙofar, injin zai tashi lafiya, ya yi tafiya, har zuƙar da ke cikin tanki ta fi ƙarfin famfo, sai ya mutu. A ɗan jira, iska ta sulale ciki, ya sake tashi. Da yake tazarar lokacin kusan ɗaya ce kullum, jirgin da ke bin hanya guda yakan tsaya a kusan wuri guda, har a fara cewa wurin ne ke da iskoki. Gwajin ba ya cin ko kwabo: a sassauta marfin, in aka ji tanki ya ja numfashi injin kuma ya warware, an gano.

Sai ruwa. Ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, daidai inda bututun zuƙa yake. A ruwa mai kwanciya bututun na iya kauce masa, da jirgi ya fara tangaɗi sai ya kurɓa, injin ya yi tari, ya ci gaba. Hanyoyin shigarsa sanannu ne: damina, raɓar da ke taruwa a tankin da ba a cika ba, da jarkar 'yan bumburutu, wadda mai jirgi a ƙauyen da ba gidan mai ba shi da makawa sai ita. Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayu 2023, an ƙara sayen mai kaɗan-kaɗan, tanki na yini kusan wayam, bututun kuma na shan iska da dattin gindi a duk juyi. Gurɓataccen man ma ba daga jarka kaɗai yake zuwa ba. A Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, yana kuma cin roba, ya kumbura fallen famfo, ya sa cikin tiyo ya ɓare. Ɓawon da ya ɓare yakan rufe hanya idan zuƙa ta yi ƙarfi, ya buɗe idan an sauke totur. A zuba ɗan mai a kwalba mai haske a ajiye, ruwan zai rabu a ƙasa a gan shi.

Mafi amfanin kayan gwaji kuwa yana jikin tiyon tun asali, wato robar nan mai kamar ƙwai da ake matsawa kafin a ja igiya. Tana da bawul biyu a ciki, da kibiya a jiki da dole ta kalli inji. A daidai lokacin da injin ya fara shaƙewa, karen jirgi ya dube ta. In ta lotse ta manne, toshewar tana bayanta, wajen tanki. In aka yi ta matsa ta injin ya farfaɗo, famfo ya gaji ko iska na shiga. In kuwa tun kafin tashi aka matsa ta ƙi tauri, ko dai bawul ɗinta ya mutu, ko iska na shiga a mahaɗa, ko allurar kafireta ba ta rufewa. Mahaɗar tiyo da inji ta cancanci zargi na musamman, domin zoben robar cikinta yana bushewa a zafin Maris da Afrilu, kuma girgiza ce ke buɗe tsagar. A sa guntun tiyo mai haske dab da famfo: jerin kumfa shaida ce. Wanda ke da abokin sana'a a bakin ruwa, ya ari tankinsa da tiyonsa gaba ɗaya ya yi sawu ɗaya da su. In matsalar ta ɓace, ba sai an taɓa inji da sifana ba.

Bayan an wanke duk waɗannan daga zargi ne ake buɗe kofin matatar mai, sannan famfo, sannan kafireta. A can, ƙwayar datti da ke yawo a ƙoƙon mai tana iya toshe babban jet ta sake shi. Kwance ƙusar ƙasan ƙoƙon a tari abin da ya fito a faranti ya fi a hure shi a zubar ba a gani ba.

Abin da ke kama da yunwar mai

Ba duk mutuwar inji ce ta mai ba. Ta wuta, daga kwayil da ya yi zafi ko wayar da ta saki, yankewa take yi farat ɗaya. Ta mai tana zuwa da jan ƙafa, injin ya yi sama ya yi ƙasa kafin ya mutu, kuma in aka ɗan ja cok ya farfaɗo na ɗan lokaci. Ciyawa da leda a farfela ko a mashigar ruwan sanyaya inji su ma suna rage ƙarfi, musamman a wuraren da kacalla ta mamaye kamar fadamun Haɗeja da Nguru. Duba fitsarin ruwan da ke fita a bayan inji yana raba gardama.

Abin da ya sa bai kamata a yi ta lallaɓawa da matsa roba har a kai gaɓa kullum ba shi ne, a wannan injin man shafawa a cikin fetur yake tafiya, yawanci kashi 1 cikin 50. Fetur ya ragu, baƙin mai ya ragu, zafi ya ƙaru, a cikakken totur fiston na iya kamewa. Kuɗin fiston da ringi a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya ninka na sabon tiyo da robar matsawa sau da yawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta fi mai da hankali kan rigar ruwa da lodi da hana tafiyar dare. Duba tiyo da marfin tanki a tasha kafin jirgi ya tashi ba ya ɗaukar minti biyar, kuma shugabannin ƙungiyar masu jirage a kowace tasha na iya sa shi cikin sharuɗɗan lodi ba tare da jiran kowa ba.