Hanyoyi Biyu da Shayi Ya Biyo Zuwa Ƙasar Hausa

Mai karatu, kofin shayin da ake miƙo maka da la'asar a bakin titi ya sha doguwar tafiya kafin ya iso hannunka. Sunansa ma baƙo ne, daga Larabci muka aro shi, asalin ganyen kuwa ƙasar Sin.

Hanya ta farko ta hamada ce. A shekarun 1850, lokacin Yaƙin Kirimiya, 'yan kasuwar Ingila sun rasa wasu kasuwanninsu, sai suka karkatar da koren shayi zuwa tashoshin ruwan Maroko irin su Tanja. Daga arewacin Afirka ayarin raƙuma ya tsallako da shi. Fataken Gadamus da Tarabulus, waɗanda suka zauna a Dandalin Turawa cikin birnin Kano, suna cikin waɗanda suka san shi tun da wuri. Wannan shi ne shayin da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta bisa gawayi, zagaye uku, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi.

Hanya ta biyu ta teku ce. A Ingila, wajen 1840, Anna matar basaraken Bedford ta yayata shan shayi da yamma tsakanin manyan gidaje. A 1894 kamfanin Lyons ya buɗe shagon shayinsa na farko a Landan, inda ma'aikata da mata ke samun wurin zama. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, baƙin shayi da sukari da madarar gwangwani suka sami hanyar shigowa da yawa.

To, a nan Bahaushe ya yi nasa. Abin da Turawa suka ɗauka ƙwalama, shi ya mayar da shi abincin lebura da direba da ɗalibi: tebur, benci, burodi, ƙwai. Mai shayi ya ajiye rediyo kusa da tukunya, kuma tun da BBC ta fara shirin Hausa a 1957, labarin duniya ya sami majalisar da za a tattauna shi. Duk inda fatauci ya kai Hausawa, daga zangon Kumasi zuwa Bitam da Oyem a Gabon, har unguwannin Libreville, baƙo kan fara tambayar masauki da aiki ne a irin wannan zama.

Yanzu majalisar tana cikin matsi. Bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a Mayun 2023, sukari da madara da burodi duk sun yi tsada. Mai shan shayi da madara ya koma ruwan bunu, mai shayi kuma ya rage ba da bashi. In teburin ya tashi, talaka ya rasa wurin da yake zama kafaɗa da kafaɗa da mai kuɗi, ya faɗi ra'ayinsa a saurare shi.