Rohr da Doula: Kocin Abokan Hamayya da Kocin Gida

Ranar 23 ga Janairun 2012, a Libreville babban birnin Gabon, Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nijar, ta shiga fili domin buga wasanta na farko a gasar cin kofin nahiyar Afirka. Tun samun 'yancin kai a 1960 Nijar ba ta taɓa zuwa wannan gasa ba sai a wannan karo. Mutum biyu ne ke tsaye a bakin layi suna ba da umarni. Na Nijar shi ne Harouna Doula Gabde, ɗan ƙasa, wanda wata ɗaya kafin nan hukumar CAF ta ba shi lambar gwarzon koci na Afirka na shekarar 2011. Na masu masauki kuma wani Bajamushe ne mai furfura, Gernot Rohr. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Pierre-Emerick Aubameyang da Stéphane N'Guéma sun jefa wa Nijar ƙwallaye biyu, haka kuma aka tashi. Bayan wannan wasa aka karɓe ragamar Mena daga hannun Doula. Bayan wata takwas ragamar ta faɗa hannun Rohr, mutumin da ya doke shi.

Mai son ƙwallo a Bande, a kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, yana da ƙungiyar ƙasa biyu ko da bai faɗa ba. Mena tasa ce ta haihuwa, Super Eagles kuma ta maƙwabtaka, domin iyakar Najeriya na nan kusa, kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya, naira da sefa na haɗuwa a aljihu ɗaya. A gidan kallo, kafin mai gida ya tayar da inji, za ka ga an rubuta wasannin ranar da alli a jikin allo, samari sun jeru a kan benci, ana ta gardama. Tambayar da ba ta taɓa ɓacewa a irin wannan share fage ita ce: wa ke horar da waɗancan, kuma ina ya taɓa yin aiki? Ga mutanen wannan yanki babu kocin da amsar wannan tambaya ta yi ta juyawa a kansa kamar Rohr. Ya zama abokin hamayya a Gabon, ya zama namu a Yamai, ya sake zama namu a Abuja, sannan ya koma abokin hamayya a Kwatano.

An haife shi a Mannheim ta Jamus a 1953. Ya ɗan taɓa buga wasa a Bayern Munich a farkon shekarun 1970, sai dai bai samu gurbi sosai ba a ƙungiyar da ke cike da manya irin su Franz Beckenbauer. A Faransa ya yi suna. Ya je Bordeaux a 1977, ya shafe shekara goma sha biyu yana tsaron baya, ya ci gasar lig ta Faransa sau uku, a 1984 da 1985 da 1987, ya yi wasa tare da Alain Giresse da Jean Tigana, ƙarƙashin Aimé Jacquet. Ɗan baya ne mai riƙon mutum, wanda ake ɗora wa aikin hana gwanin abokan hamayya sakat. Wannan hali bai rabu da shi ba har ya zama koci.

Abin da har yau ake tuna shi da shi a Turai ya faru a 1996. Bordeaux na tangal-tangal a lig, aka sallami kocinta a tsakiyar kaka, aka kira Rohr ya riƙe. A zagayen kwata fainal na kofin UEFA suka haɗu da AC Milan ta Fabio Capello, mai su Franco Baresi da Paolo Maldini da George Weah. An ci Bordeaux biyu da nema a Italiya. A wasa na biyu, a cikin Maris, ta rama da uku da nema, Christophe Dugarry ya ci biyu, wani matashi Zinedine Zidane na raba ƙwallo a tsakiya. Suka kai wasan ƙarshe, Bayern ta doke su gida da waje. A lig kuwa kusa da ƙasan teburi suka ƙare kakar. Daga nan Rohr ya yi ta zagaye: Nice, Young Boys ta Suwizalan, Ajaccio, Étoile du Sahel ta Tunisiya, Nantes. A 2010 Gabon ta ɗauke shi ya shirya mata ƙungiya domin gasar da za ta karɓi baƙuncinta tare da Equatorial Guinea.

A daidai waɗannan shekaru Doula yana Yamai yana wani aiki da ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Ba shi da Aubameyang, ba shi da kuɗin mai. Abin da ke hannunsa 'yan wasan lig na gida ne, na ƙungiyoyi irin su AS FAN ta sojoji da Sahel SC, da ɗan tsirarun da ke waje kamar mai tsaron raga Kassaly Daouda da ɗan gaba Moussa Maazou. Da 'yan gidan nan ya fitar da Najeriya a wasannin neman gurbin gasar CHAN ta 2011, gasar da 'yan wasan cikin gida kaɗai ke bugawa, ya je Sudan ya kai kwata fainal, masu masauki suka cire shi a bugun fanareti.

Rukunin da aka saka Nijar a neman gurbin kofin Afirka na 2012 ba mai sa rai ba ne. Akwai Masar, wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Akwai Afirka ta Kudu, da ba ta daɗe da karɓar baƙuncin kofin duniya ba. Akwai Saliyo. A Oktoban 2010 Masar ta zo filin Janar Seyni Kountché da ke Yamai, Maazou ya jefa mata ƙwallo ɗaya, ta kasa ramawa. Saliyo ta zo ta sha uku da ɗaya. Afirka ta Kudu ta zo a Satumban 2011 ta sha biyu da ɗaya. A waje kuwa Mena ba ta samu ko maki ɗaya ba, amma Yamai ta zama wurin da baƙo ba ya fita da komai.

Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoban 2011, ita ce wadda ba a mantawa. An ci Nijar uku da nema a Alƙahira. A can Nelspruit, labarin ya isa kunnen Pitso Mosimane, kocin Afirka ta Kudu, ya ɗauka canjaras da Saliyo ya ishe shi tunda ya fi yawan ƙwallaye. 'Yan wasansa suka yi ta kashe lokaci, aka tashi babu ci, suka shiga rawa a gaban 'yan kallo. Ashe dokar gasar ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon wasannin da ƙungiyoyin suka buga a tsakaninsu ake dubawa. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowa na da maki tara. A tsakanin su ukun Nijar na da shida, sauran biyar biyar. Wasu sun kira wannan sa'a. Ni ban yarda ba. Makin nan shida a fili aka ci su, a gaban jama'a, da ƙafar yaran da yawancinsu ba su taɓa karɓar albashin Turai ba.

Ana dab da gasar sai hukumar ƙwallon Nijar, FENIFOOT, ƙarƙashin Djibrilla Hima Hamidou, ta kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara. Courbis ɗin nan shi ne ya gaji Rohr a Bordeaux a 1996. Da aka sha kaye a hannun Gabon, mai ba da shawara ya zama mai gida, gwarzon kocin Afirka ya koma gefe a tsakiyar gasar da shi ya kawo ƙasar. Sauyin bai kawo maki ba. Tunisiya ta ci biyu da ɗaya, ko da yake a wasan ne William N'Gounou ya ci wa Nijar ƙwallonta ta farko a tarihin gasar. Maroko ta ci ɗaya da nema. Courbis bai daɗe ba ya tafi. A ganina wannan hukunci shi ne kuskure mafi girma da aka tafka a ƙwallon Nijar a wancan zamani. Kaye biyu da nema a hannun mai masauki, a wasan farko na ƙungiyar da ba ta saba da irin wannan taro ba, bai kai laifin da za a ture mutum a kansa ba.

Shi kuwa Rohr ya cinye wasanninsa uku na rukuni, Mali ta cire shi a kwata fainal a bugun fanareti bayan Aubameyang ya ɓarar da nasa. Gabon ba ta sabunta kwantiraginsa ba. A Satumban 2012 ya sauka a Yamai. Adalci ya sa a faɗi abin da ya yi. Gini ta ci Mena ɗaya da nema a Konakiri, a Oktoba Mena ta rama da biyu da nema a Yamai, ta samu gurbin gasar 2013, karo na biyu a jere. A Port Elizabeth ta riƙe Mali har kusan tashi kafin Seydou Keita ya ci, ta yi canjaras babu ci da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, makinta na farko a gasar, sannan Gana ta ci ta uku. Wasa uku, babu ƙwallo ko ɗaya a ragar kowa. Rohr ya gyara baya, kamar yadda ya saba, amma ginshiƙan ƙungiyar su ne waɗanda Doula ya kafa. Masu cewa kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, sun ɗan yi tsauri, sai dai ba su rasa hujja ba. A Oktoban 2014, da wasannin neman gurbin 2015 suka lalace, Rohr ya ajiye aiki. Tun daga 2013 Mena ba ta sake zuwa babbar gasar ba.

Bayan 'yan watanni a Burkina Faso a 2015, Najeriya ta ɗauke shi a Agustan 2016, lokacin da Super Eagles ta rasa gasar Afirka biyu a jere. Nan ne aikinsa ya fi haske. Daga rukuni mai Kamaru da Aljeriya da Zambiya, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbin kofin duniya na 2018. A Rasha, Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya ci Iceland biyu, Ajantina ta cire su saura 'yan mintoci a tashi. A gasar kofin Afirka ta Masar a 2019 suka zo na uku, bayan bugun tazarar Riyad Mahrez ya hana su wasan ƙarshe.

Amma a nan ma aka ga bambancinsa da Doula. A cikin 'yan wasa 23 da ya tafi da su Rasha, ɗaya tal ne ke buga lig ɗin Najeriya, mai tsaron raga Ikechukwu Ezenwa na Enyimba. Rohr ya fi karkata ga yaran da suka tashi a Ingila da Jamus, masu iyaye 'yan Najeriya. Dabarar ta kawo sakamako cikin sauri, ba a musu. Sai dai ta bar yaron da ke buga wa Pillars ko Katsina United da sanin cewa idon koci ba ya wajensa sai ya ƙetare teku. Daga baya sakamakon ma ya fara tsami. A Nuwamban 2020 Najeriya na gaban Saliyo da ci huɗu a birnin Benin, aka tashi huɗu da huɗu. A Oktoban 2021 Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta zo Legas ta ci ɗaya da nema. A Disamba aka sallame shi, bayan fiye da shekara biyar, saura makonni a fara gasar kofin Afirka a Kamaru.

A 2023 Jamhuriyar Benin ta ɗauke shi, ƙuri'ar neman gurbin kofin duniya na 2026 kuma ta haɗa shi rukuni ɗaya da Najeriya. Ga kocin abokan hamayya da ya san kowane ɗan wasan Super Eagles ciki da waje. A Yunin 2024, a Abijan inda Benin ke karɓar baƙi, ya ci su biyu da ɗaya, kocin Najeriya Finidi George ya ajiye aiki bayan 'yan kwanaki. A Oktoban 2025 ya shiga Uyo yana saman teburi, Victor Osimhen ya jefa masa uku, aka tashi huɗu da nema. Afirka ta Kudu ce ta wuce kai tsaye.

Doula kuwa bai bar gida ba. A farkon 2023 aka sake ganinsa a bakin layi da 'yan wasan lig na Nijar, a gasar CHAN ta Aljeriya. Sun yi canjaras da Kwango Brazzaville, suka ci Kamaru ɗaya da nema, suka ci Gana biyu da nema a kwata fainal a birnin Oran. Aljeriya ta yi masu biyar a wasan kusa da na ƙarshe, Madagaska ta ƙwace na uku, suka dawo da matsayi na huɗu. Babu wata tawagar manya ta Nijar da ta taɓa kai wannan mataki a gasar CAF kafin su. Sau biyu ke nan, da tazarar shekara goma sha biyu, mutum ɗaya yana nuna cewa akwai ƙwallo a lig ɗin Nijar in an samu mai duba ta.

Abin da ya rage shi ne lig ɗin da kanta ta takure a Yamai. Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kambun a 1983, Espoir ta Damagaram ta ɗauka a 1984. Tun daga lokacin kofin kusan kullum a babban birni yake kwana, a baya-bayan nan kuma galibi a hannun ƙungiyoyin sojoji da jandarma da kwastan da kamfanonin gwamnati, waɗanda ke iya biyan albashi da kuɗin motar tafiya mai nisa. Daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 900 ce. Yaron da ke buga ƙwallo a yashin Bande ko Dungas sai ya fara samun ƙungiya a Damagaram, sannan ta samu kuɗin wannan tafiya, kafin wani koci na ƙasa, na gida ne ko baƙo, ya ga yadda yake taɓa ƙwallo.