Wa Ke Zaɓen Zakara? Tarihin Wata Tambaya Daga Akurkin Kakata

Ni mutumin Tsanyawa ne, can kan hanyar Kano zuwa Katsina, inda gona ke manne da gona, kuma da wuya ka shiga gidan da babu akurki. Kakata, Allah ya jiƙanta, in za ta sa wa kaza ƙwai sai ta ɗaga kowanne ta duba. Mai tsini, in ji ta, zakara ne, kewayayye kuwa kaza. Bayan kwana 21 a ƙyanƙyashe, kafin 'yan tsaki su girma an manta wanne ya fito daga wanne, saboda haka ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Da na zo jami'a sai na tarar Aristotal na ƙasar Girka ya rubuta irin wannan magana fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sai dai shi mace ya ba mai tsinin.

Amma ba ƙwai ne ya sa na bi diddigin maganar ba. Goggona ce. Ta haifi 'ya'ya mata biyar a jere, aka yi mata kishiya, dangin miji suna ta cewa ai cikinta na mata ne. To, wa ke da alhakin zaɓen, uwa ko uba?

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jiki akwai waɗansu 'yan zarurruka da masana ke kira kuromosom, watau zaren gado. Biyu-biyu suke, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mutum yana da 46, kaza 78. A jikin kowane zare akwai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli da abin da yake gadarwa. A shekarar 1905 wata malama a Amurka, Nettie Stevens, ta duba wani ƙwaro mai cin gari, ta ga mace tana da manyan zare 20, namiji kuwa 19 ne da wani ɗan guntu. Guntun nan shi aka raɗa wa Y, abokinsa kuma X. Daga baya aka tabbatar haka abin yake ga ɗan Adam: uwa X kaɗai take bayarwa, uba ne ke ba da X a sami mace, ko Y a sami namiji.

Sai kaji suka ƙi bin wannan ƙa'ida. Masu kiwo a Amurka sun lura in aka haɗa baƙin zakara da kaza wake-wake, 'ya'ya maza ne ke ɗauko zanen uwa, matan su fito baƙaƙe. A 1908 W. J. Spillman ya ce wannan ba zai yiwu ba sai in kazar ce ke ɗauke da zare biyu mabambanta. Haka kuwa aka yi. Zakara yana da Z biyu, kaza tana da Z da W, kuma abin da ta zuba a ƙwai shi ne hukunci. Turawa ba su bar abin a takarda ba: a 1929 Punnett da Pease na Jami'ar Kambirij suka fito da wani irin kaji da ake gane namiji da mace ran ƙyanƙyasa ta launin gashi.

Inda tarihin ya fi daɗi shi ne asalin wannan W. Tun 1914 H. J. Muller ya yi hasashen cewa zaren jinsi da can tagwaye ne masu kama ɗaya, kuma Susumu Ohno ya ƙarfafa maganar a littafinsa na 1967. Bisa al'ada, tagwayen zare sukan yi musayar sassa kafin a ba ɗa, ta haka ake gyara ɓarna. A tsuntsaye, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, Z da W suka soma daina musayar, sashe bayan sashe. W ya zama daga uwa sai 'ya, ba shi da abokin da za a duba shi da shi. Duk wanda ya zauna a tsangaya ya san makomar littafin da ake ta kwafa da hannu ba a gwada shi da wani: yau harafi ya faɗi, gobe layi. Yanzu Z na kaza yana da ƙulli wajen 1,000, W kuwa bai kai 30 ba. Jimina, wadda ake yi wa Sarkin Kano takalmi da gashinta, ita ta fi riƙe tsohon fasali, domin nata Z da W kusan tsawonsu ɗaya.

An daɗe ana zaton Z da X 'yan gida ɗaya ne. A 1999 aka nuna Z ya fi dangantaka da zare na 9 na mutum, wanda ba na jinsi ba ne. Ashe kowa ta hanyarsa ya bi. A 2009 kuma Craig Smith da abokansa a Melbon ta Ostareliya suka rage ƙarfin wani ƙulli na jikin Z mai suna DMRT1 a cikin ƙwai, sai gaɓoɓin 'yan zakaru suka karkata zuwa na mata. Watau mai kashi biyu na ƙullin nan ya zama zakara, mai kashi ɗaya kaza.

Da na koma gida hutu na zayyana wa Goggo duk wannan a tsakar gida, tana watsa wa kaji dusa. Ta saurara har ƙarshe, sa'an nan ta nuna wata jar kaza ta ce, "To ita wannan, wa ya yi mata kishiya?" Ta ce in na isa in je zaure in maimaita wa mijinta. Har yau ban je ba.