Yadda Ake Gane Shekarun Turmin Ƙarfe

A gidaje da yawa na Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai ɗan ƙaramin turmin ƙarfe da taɓaryarsa, wanda iyayenmu mata ke daka kwalli ko kanwa ko magani a cikinsa. Duk wanda ka tambaya shekarunsa sai ya ce tun kafin jihadi yake. Wani da na gani a Tsafe, masu shi sun tabbatar mini daga 'Yandoto kakanninsu suka fito da shi, lokacin da Muhammadu Bello ya ci garin wajen 1806. Ban yi musu da dattawa ba, amma na roƙa aka bar ni na juya shi na duba gindinsa, domin jikin turmi yakan faɗi abin da baki ya manta.

Abin da ake fara dubawa shi ne, ƙira ne ko zubi? Maƙeranmu na dā sukan haƙo tama, su gasa ta da gawayi a tanderu, a wuni ana zuga. Abin da ke fitowa dunƙulen ƙarfe ne haɗe da kashi, ba ruwan ƙarfe ba, sai an yi ta dukansa da masaba kafin ya zama fartanya ko takobi. Zubi kuwa aikin maƙeran fari ne, masu azurfa da tagulla, saboda waɗannan suna narkewa a wutar da ba ta kai ta baƙin ƙarfe ba. Don haka turmin ƙira za ka ga sawun guduma a jikinsa, bakinsa bai daidaita ba, wani gefen ya fi wani kauri. Na zubi kuwa sumul yake, kuma sau da yawa akwai siririn layi da ya ratsa shi daga baki zuwa gindi, inda ɓangarori biyu na mazubin suka haɗu. In ya faɗi a kan dutse tsagewa yake yi, ba ya lanƙwasa.

To, turmin nan na Tsafe yana da wannan layi, har da lamba a gindinsa. Watau ba hannun maƙerin 'Yandoto ne ya yi shi ba, kayan Turai ne. Masana'antu irin su Kenrick da ke West Bromwich a Ingila, wadda aka kafa a 1791, sun yi ta zuba tukwane da turame na ƙarfe ana kai su ƙasashen waje. Wani zai ce ai ana fataucin Sahara tun kafin Turawa. Gaskiya ne, amma a ganina ba kowane falke ne zai ɗora wa raƙuminsa wannan nauyi daga Tarabulus ba, alhali ga siliki da takarda. Irin waɗannan kaya sun yawaita ne bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfanonin sayen auduga da gyaɗa suka buɗe kantuna.

Rubutu ma yana taimakawa, in tsatsa ba ta cinye shi ba. Tambarin rajista mai kusurwa huɗu kamar lu'ulu'u an yi amfani da shi a Ingila daga 1842 zuwa 1883. Daga 1884 sai aka koma rubuta "Rd" tare da lamba. Wannan yana nuna shekarar da aka yi rajistar fasalin ne kawai, turmin kansa yana iya zuwa bayanta da shekaru masu yawa.

Akwai iri na uku, wanda ke ruɗin mutane saboda baƙinsa da tsatsarsa: na masu walda, da aka yanko daga tukunyar gas ko bututu, taɓaryar kuma guntun ƙarfen ƙafar mota, irin wanda masu haƙar zinari ke daka dutse da shi. Ɗinkin walda a gindi ya isa shaida cewa na baya-bayan nan ne.

Na ƙira na ainihi shi ne mai wuyar samu, ga shi 'yan jari-bola suna auna shi a sikeli kamar kowane tsohon ƙarfe. Wanda ke da irinsa kada ya kankare shi da yashi. Ya shafa masa ɗan man gyaɗa, ya rubuta sunan wadda ta fara mallakarsa da garin da aka kawo ta aure daga can, tun masu sanin wannan suna da rai.