Mabuɗin Gane Bakteriya: Daga Amurka Zuwa Ruwan Bompai



Yau zan fara da Bompai, a ƙaramar hukumar Nassarawa. Gurɓataccen ruwan masana'antun wurin rafin Getsi yake gangarawa, na majemun Sharada da Challawa kuma ya ƙare a kogin Challawa. Da irin wannan ruwa wasu manoman rani ke shayar da latas da kabejin da muke ci. To ɗalibin Jami'ar Bayero da ya ɗebo ruwan nan, yaya zai gane waɗanne bakteriya ne a ciki?

A da, sai dai a raine su a faranti a ɗakin gwaji, alhali mafi yawansu ba sa yarda su tsiro a can. A 1977 Carl Woese na Jami'ar Illinois ya nuna cewa ana iya gano dangantakar bakteriya ta hanyar wani sashe da kowace ke ɗauke da shi, wato 16S. Tsawonsa a DNA kusan haruffa 1,500 ne. Wasu gurabensa kusan iri ɗaya ne a wajen kowa, wasu tara kuwa sun bambanta, kamar tsagar fuska da ke nuna asalin mutum.

A 1983 Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR, dabarar kwafar guntun DNA sau miliyoyi. Sai dai ba ta aiki sai da firaima, wato ɗan zaren DNA mai haruffa wajen 20 da ke mannewa inda kwafin zai fara. A 1985 David Lane da Norman Pace da abokan aikinsu suka tsara firaimomi daga guraben nan marasa canzawa. Zuwa 1991 aka samu 27F da 1492R, waɗanda ɗalibai ke amfani da su har yau.

Amma fa ku lura, ana kiransu “na kowa da kowa” ne kawai. Harafi ɗaya ya saɓa a ƙarshen firaima, sai ta tsallake wata bakteriyar, ɗalibi ya rubuta cewa babu ita, alhali tana cikin ruwan. Shawarata, kafin ka kashe kuɗin furojet wajen sayen firaima, gwada jerin haruffanta a rumbun SILVA ko NCBI, kyauta ne a intanet.