Sunan Mahaifi Amana Ne: Waiwaye Cikin Tarihi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya ku 'yan'uwa matasa, a farkon Musulunci ana kiran Zaidu ɗan Harisa da Zaidu ɗan Muhammad, domin Manzon Allah (SAW) ya ɗauke shi ɗa tun a Makka. Da aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka a Madina, tana umurni da a danganta kowa ga mahaifinsa, sai aka mayar masa da sunan Harisa.

A ƙasar Hausa ma haka magabata suka bi. Shehu Usmanu (1754-1817) an san shi da ɗan Fodiyo, laƙabin mahaifinsa Muhammadu, wanda a Fillanci ke nufin malami masani. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta auri Waziri Giɗaɗo, amma da gidan mahaifinta aka san ta har yau.

Zamanin Turawa, da rajistar makarantun boko, sunan gari ya yawaita a matsayin suna na biyu: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Aminu Kano, Shehu Shagari. Wannan nisba ce, kamar Bukhari daga Bukhara, ba ta musanta uba.

Abin dubawa shi ne ɗabi'ar da aka aro ta cire sunan uba a sa na miji. Nana A'isha (RA) ta auri fiyayyen halitta, duk da haka 'yar Abubakar take. 'Yar'uwa, ki riƙe sunan mahaifinki. Da nasaba ake sanin muharrami da magaji.

Allah Ya sa mu dace, amin.